Igiyar Jan San Baba

Ranar sadakar ukun Baba, ina durƙushe ina mulmula gumba, wayata ta yi ƙara da wata doguwar lamba ta ƙasar waje. Na ɗauka ina zaton mutanen da suka kama ƙanena Mu'azu ne suka dawo neman ƙari. Sai na ji muryarsa garau, har da 'yar dariya.

"Yaya Murja, kun manta da ni ke nan? Kwana takwas wasap ɗina ya mutu, sai yau na samu aron wayar wani abokina. Ina Baba? Ba shi mu gaisa."

Na ce, "Sun sake ka?"

"Su wa?"

"Yatsanka fa?"

Ya ce yatsunsa goma suna nan, yanzu ma daga tsinkar tumatir ya taso. Na zauna daɓas a ƙasa, gumbar na hannuna. Ya yi ta kiran sunana, na kasa gaya masa cewa uban da yake nema ya kwana uku a kabari saboda yatsan da ba a yanke ba.

Ga yadda abin ya faru. Mu'azu ya shekara uku a Sifaniya yana aiki a gonakin da ake rufewa da leda. Kwana shida kafin wannan kira na hau tudun bayan garinmu Kalgawa, inda nan kaɗai rezon waya ke da ƙarfin sauke saƙo, na tarar da foto da bokal, wato saƙon murya, daga lambarsa. A foton yana ɗaure a kujera, hannunsa naɗe da tsumma jina-jina. Muryar ta wani ƙato ce, mai kauri kamar daga cikin rijiya. Ya ce shi tafintan waɗanda suka kama Mu'azu ne, an yanke yatsa ɗaya, in ba a sayar da jan sa an tura kuɗin kafin faɗuwar ranar gobe ba, wuya za a yanka.

Ni na sauko da saƙon nan a guje, ni na kara shi a kunnen Baba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a miƙo masa buta, kafin ta iso hannunsa ya kife. Washegari maigidana ya ja san zuwa Magariya, ya sayar wa mai sunan Baba, dillalin shanu, ya tura kuɗin inda aka ce, ya dawo mana da igiya. Baba ya kwana uku a likitar Dungas bai ce uffan ba, ya cika.

Da na gama da wayar Mu'azu na shiga garke na ciro igiyar daga turke. A gaban Inna da matan da suka zo gaisuwa na rantse cewa duk wanda ya yi wa ubana wannan, da wannan igiya zan ɗaure shi, da hannuna. Wata tsohuwa ta ce in yi haƙuri in bar wa Allah. Na ce na bar wa Allah hisabinsa, ɗaurin nawa ne. Na naɗe ta a ƙuguna ƙarƙashin zane.

*

Kafin la'asar gari ya gama shari'a ya yanke hukunci: Rilwanu mai gyaran waya. Shi ne ya yi shekara huɗu a Sifaniya aka koro shi, ya dawo da akwati ɗaya da yaren da ba mai ji. An sha jin sa yana surutu da wayarsa cikin wannan yaren. Wasu sun ce sun ga sawun motonsa, wato babur ɗinsa, a kan tudu. Maigidana ne a gaba da gora, matasa na bayansa da kwalbar esansi, wato fetur, za su ƙone masa rumfa.

Ni ma a ranar da an ba ni ashana da na ƙyasta. Maigari ne ya tare su, ya sa Rilwanu a zaurensa, ya ce ya ba dangin mamaci kwana uku su kawo hujja, in ba haka ba shi zai kai magana birgad wajen jandarma, su kuma kowa ya san ba sa gaggawa.

Na ce wa maigidana zan je Kwaya in ɗauko Tsoho.

Ya yi tsaki. "Ki je, in har zai bi sawu ya tsallake teku."

Tsoho abokin Baba ne tun suna yaran kiwo. Shekara arba'in yana bin sawun dabbar sata daga nan har cikin Nijeriya, kuma ba a taɓa jin ya nuna gidan da ba shi ba. Bai yi lakkwal, wato boko, ba, bai taɓa mallakar waya ba. Na same shi a gona yana ɗaukar maimai, na zayyana masa komai. Ya jingina da hauyarsa.

"Ɗiyata, ni ƙafa nake bi. An ce miki wannan ɓarawon ta iska ya zo."

"Haka kowa ke cewa, Baba Tsoho."

"To na ji. Amma shanu nawa ne a gidan Halilu?"

"Biyu. Ja da fari."

"Ya ce a sayar da sa, ko ya ce jan sa?"

"Jan sa ya ce."

Ya ɗauki takalmansa ya kaɗe. "Wanda ya san jan ya fi farin tsada ba a iska yake kwana ba. Mu tafi."

*

Da muka iso ya fara hawa tudu, mutane na biye da shi suna nuna masa sawun moton Rilwanu. Ya duƙa ya duba, ya zaga, ya miƙe yana dariya. Ya ce ga sawun moto bakwai, ga na jaki uku, ga takalmin liman, ga na matar Maigari. In hawa tudu laifi ne, a ɗaure garin duka a fara da liman. Mutane suka watse suna gunaguni, ni kuwa raina ya ɓaci, don ba dariya na ɗauko shi ya yi ba.

A zauren Maigari muka tarar da Rilwanu a rakuɓe, leɓensa a fashe. Ban gaishe shi ba. Tsoho ya zauna kusa da shi kamar sun saba, ya ce ya koya masa yadda ake wannan sata, don shi jahili ne.

Rilwanu ya ce, "Baba, akwai wasu gungu a cikin waya, a ɓoye, ba ka shiga sai wani ya jawo ka. Da Sifaniyanci suke magana, amma ba gari ɗaya suke ba. Wani yana Sifaniya, wani Meksiko, wani Kolombiya, ba su taɓa ganin juna ba, ko sunan gaskiya ba sa faɗa. Kasuwa ce. Wannan yana sayar da abin sauya murya, wancan ya iya haɗa foton ƙarya, wani sayen wasap ɗin 'yan ci-rani kawai yake. In suka kama naka sun samu fotunanka, da takardunka, da lambobin danginka duka."

"Kai ka shiga cikinsu?"

Ya sunkuyar da kai. "Na leƙa, lokacin da nake can ba ni da aiki. Na ga sun yi wa wani ɗan Mali irin wannan, uwarsa ta sayar da gona. Na fita. Wanda ya shiga da niyyar ci, shi ma cinye shi suke yi daga baya."

Na ce, "Ka ji ko? Da bakinsa."

Tsoho ya ɗaga mini hannu. "Yaya suke kama wasap ɗin mutum?"

"Sai da kod, lambobi shida. Kamfani ke turo su ta saƙo a layin da aka buɗe wasap ɗin da shi. Duk wanda ya karanta musu lambobin nan ya ba su mabuɗi."

"To a can aka karanta ke nan, tunda wayar yaron tana can."

Rilwanu ya ɗago ya dube ni. "Murja, lambar da Mu'azu ke wasap da ita, ta Sifaniya ce ko ta gida?"

Na gaya musu. Ta gida ce. Kamar yawancin 'yan ci-raninmu, Mu'azu bai sauya lamba ba don kada mutane su ɓace masa. Ya tafi da wasap ɗin a wayarsa, layin kuwa ya bar wa Inna a 'yar ƙaramar wayarta, muna sa masa kati lokaci-lokaci don kada ya mutu.

Tsoho ya ce, "Ashe mabuɗin yana ɗakin Huraira. Kin ga ƙafa ta sauko ƙasa."

*

Inna na cikin takaba, don haka daga bakin ƙofa Tsoho ya tsuguna ya yi mata gaisuwa. Ta ciro wayar daga cikin kwalla inda take ajiye ta tare da goro da allura. Ta ce ba mai taɓa ta, ita kanta ba ta iya komai da ita ba sai danna kore in ta yi kuka.

"Ba ta taɓa fita daga ɗakin nan ba?"

"Sai ranar kasuwar Dogo-Dogo, in za a kai ta sharji."

Muka ƙirga kwanakin da Mu'azu ya faɗa, suka faɗa daidai kan ranar kasuwar. Tsoho ya tambayi wanda ya kai ta a ranar. Na ce ni ce, don ni Inna ke ba kullum. Ya gyaɗa kai. Rilwanu kuwa, Inna ta ce rabonsa da gidanmu tun sunan ɗana na biyu.

Nan zuciyata ta koma kan Hafizu mai sharji. Washegari da hantsi muka hau kabu-kabu zuwa Dogo-Dogo. Rumfarsa na bakin tasha, farantan sola biyu a kan rufi, wayoyi jere a kan katako kamar kifi a tire, kowace da 'yar takarda manne. Tun kafin Tsoho ya yi sallama na fara.

"Kai ne ka karanta saƙon da ya shigo wayar uwata?"

Hafizu ya dafe ƙirji. "Hajiya, ni? Ranar kasuwa waya ɗari da wani abu nake karɓa, ko fuskar mai ita ba na dubawa. Kuma duk wayar da ta zo, a kashe nake sa ta, don ta fi saurin cika. Tambayi kowa."

Tsoho ya ɗauki wayoyi uku daga kan katakon ɗaya bayan ɗaya ya miƙa mini. Duk a kashe suke. Ya tambaye shi ko ya tuna lokacin da aka kawo ta Huraira. Hafizu ya ce wannan ya tuna, saboda an ɗaure bayanta da roba, kuma ta zo a makare bayan azahar, har sai da ya cire ta wani ya sa ta.

A hanyar dawowa Tsoho ya tambaye ni nisan Kalgawa da Dogo-Dogo a moto. Na ce ko rabin awa ba a yi. Ya ce to. Ni haushin Hafizu ya hana ni tunanin komai, ina ganin tsohon ya bar ɓarawo na biyu ya sulale. Na gaya masa haka, ban ɓoye ba.

Ya ce, "Kina so ki ɗaure wani, ko kina so ki ɗaure shi?"



*

Da yamma ya zauna gindin darbejiyar ƙofar gidanmu ya ce in kunna masa bokal ɗin. Tun ranar da Baba ya faɗi ban sake saurarensa ba, amma na danna. Muryar rijiya ta fito.

"Ni tafinta ne, ban san ku ba, ba ku san ni ba. Ɗanku Mu'azu yana hannunmu. Mun yanke yatsa ɗaya. Ku sayar da jan sa. Kada ku tsaya ciniki, ku kai wa mai sunan Baba, dillali a kasuwar Magariya, shi zai biya nan take. Ku tura kuɗin a lambar da za mu aiko. In rana ta faɗi gobe ba mu gani ba, wuya za mu yanka."

Ya ce in sake. Na sake. Sau biyar ina kunnawa, shi idonsa a rufe, kansa a karkace kamar mai jin tafiyar dabba daga nesa. Na ce masa an sauya muryar da inji, Rilwanu ma ya faɗa, ba wanda zai gane ta.

"Ɓarawon shanu yakan sa takalmi a juye, ɗiyata, don a zaci gabas ya yi alhali yamma ya nufa. Amma ba ya iya sauya yadda yake taka ƙasa. Ke ba ki ji komai ba a ciki?"

"Na ji wanda ya kashe ubana."

"Wa da wa suka saurari wannan?"

"Ni, da Baba, da Inna, da maigidana."

"Shi ya sa," in ji shi. Ya tashi ya ce in gaya wa Maigari ya tara mutane gobe bayan azahar, a kirawo Hafizu, kuma kowa na gidan mamaci ya zo. Na matsa masa ya gaya mini, ya ƙi. Ya dai dube ni wani irin kallo, ya tambaye ni ko har yanzu igiyar na jikina. Na ce tana nan. Ya ce da na bar ta a gida. Na ce sai dai a binne ni da ita.

*

Ƙofar gidan Maigari ta cika. Rilwanu da Hafizu na zaune a tabarma ɗaya a tsakiya, maigidana na gefe da gorarsa a kan cinya, ni ina bayan liman tare da mata. Tsoho ya fara da surutun da ba shi da kai, farashin gero, ƙarancin ruwan bana, har mutane suka fara motsi. Can ya juya ga Hafizu.

"Kai kana zuwa Magariya. In mutum na son sayar da sa da gaggawa, wane dillali ke biya nan take?"

"Halilu dillali, Baba. Kowa ya sani."

"Kai fa Rilwanu?"

"Halilu ne."

Ya tambayi liman, ya tambayi Maigari kansa, duk suka ce Halilu. Sai ya juya kamar wanda ya tuna wani abu.

"Af, ga ma wanda ya kai san. Ɗalha, wa ka ce ya saya?"

Maigidana ya ce, "Ai shi ne dai, mai sunan Baba."

"Wa?"

"Mai sunan Baba, dillali."

Tsoho ya ce in kunna bokal ɗin, in ƙure sauti. Muryar ta cika wurin. Da ta zo kan "ku kai wa mai sunan Baba" sai ya ɗaga hannu na tsayar. 

Ya ce, "Jama'a, wannan mutum ya ce baƙo ne, bai san mu ba. Baƙo kuwa Halilu zai ce. Ɗan gari ma Halilu zai ce, kun ji da kunnenku. Mutum nawa ne a duniya bakinsu ba ya iya kiran sunan Halilu, ko da na dillali ne? 'Ya'yansa, da wanda ya auri 'yarsa. Ɗan yana Sifaniya, shi aka yi wa satar. 'Yar ga ta nan da igiya a ƙugu. Mutanen gidan sun saurari saƙon ba su ji komai ba, don haka suke faɗa kullum, abin da bakinka ya saba kunnenka ba ya kama shi."

Maigidana ya yi wata dariya. "Haba Baba Tsoho. A kan kalma za a ɗora mini kisan surukina?"

"A'a. Murja, kin ce ke kika kai wayar Huraira sharji. Da ƙafarki kika je?"

Sai da ya tambaya na tuna. Ranar ina da surfe, ɗana na zazzaɓi. Inna ta ba ni wayar da sassafe, na fito na tarar da maigidana yana tayar da moto, na miƙa masa. Ban ɗauki wannan a matsayin ba wa wani ba. Hannun mijina ne, a wurina hannuna ne.

Na ce, "Shi na ba. Da sassafe."

"Ta bar gida da sassafe, ta isa wurin Hafizu bayan azahar, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Ɗalha, miƙo wayarka."

Maigidana ya ce ba sharji. Ya ce sirrinsa ne. Ya yunƙura zai tashi, matasan nan da suka bi shi da kwalbar esansi shekaranjiya su suka danne masa kafaɗu. Maigari ya sa ya buɗe ta, aka miƙa wa liman, liman ya juya ta ya ce wannan ba Faransanci ba ne. Tsoho ya ce a ba Rilwanu.

Yaren da aka so a ƙone shi saboda shi, da shi Rilwanu ya karanta wa gari, yana fassarawa layi-layi. Ga inda aka tura lambobi shida. Ga inda aka ce akwai sa mai tsada, tsohon kuma yana son ɗan nan fiye da ransa. Ga bokal na asali kafin a sauya shi. Rilwanu ya danna, muryar da na shekara tara ina ji a ɗakina ta ce, "Ni tafinta ne, ban san ku ba."

*

Daga nan bakinsa ya buɗe, ba wanda ya taɓa shi. Ya ce lokacin da ya je Aljeriya neman kuɗi, wani da suka zauna ɗaki ɗaya a Oran ya jawo shi cikin gungun, waya ke fassara masa abin da suke rubutawa. Rabin mazan garinmu sun je Aljeriya, shi ya sa ba wanda ya kawo wannan a ransa. Ya ce sau biyu yana roƙon Baba ya taimake shi ya tsallaka kamar yadda ya yi wa Mu'azu, Baba ya ce ya zauna ya riƙe iyalinsa. Su kuwa sun yi masa alkawarin takardar aiki a Sifaniya.

Tsoho ya ce, "Sun ba ka?"

"Ba su ba ni ko dala ba. Yanzu ma cewa suke in ban kawo musu layi biyu ba, za su watsa muryata da foton katin shaidata." Ya fashe da kuka. "Wallahi ba kisa na nufa ba. Sa ɗaya ne. Na zaci za a yi kuka kwana biyu a manta."

Shi ya ɗauki makarar Baba ta gaba. Shi ya zauna kwana uku a tabarmar makoki yana amsa gaisuwa, yana cewa haƙuri sai ma'aiki. Ya iya sayar da ɗan mutum ga waɗanda bai taɓa gani ba, ya iya tsorata tsoho har lahira, amma kunyar kiran sunan suruki ba ta sake shi ba. Wannan tarbiyya tasa ita ta fi komai ƙona mini rai.

Matasa suka taso da sanduna. Maigari na tsawa ba mai ji. Na ratsa ta cikinsu ina kwance igiyar daga ƙuguna, da suka gan ta suka ja baya da kansu.

Ya ɗago ya dube ni. "Uwar Hanif, ki dubi yaranmu."

"Na dube su. Kakansu ka kashe."

Inna ta aiko daga gida cewa a gaya mini rantsuwar fushi ana yi mata kaffara, ba dole sai na cika ba. Tsoho ma ya matso ya ce a hankali, "Ɗiyata, ba ni in ɗaure. Aikina ne." Na ce aikinsa ya ƙare, Allah ya saka masa. Ban taɓa jin tsanar wani abu kamar yadda na tsani mutumin nan a lokacin ba, kuma ba na neman a yafe mini wannan.

"Ɗalha," na ce. Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa ba, sai da mata suka yi salati. "Miƙo hannuwanka."

Ya miƙo. Na yi masa ƙullin da Baba ya koya mini tun ina yarinya, wanda sa ke ja yana ƙara tsukewa. Na ja sai da igiyar ta shige fata. Aka ɗora shi a amalanken Maigari, farin san Baba ne ma aka ɗaura ya ja, don shi ya fi kusa. Tsoho ya karɓi wayar ya sa a aljihu zai kai wa jandarma, Rilwanu ya hau gefe don ya fassara musu. Kafin su tashi na je gabansa na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma bai dube ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ina tsaye har amalanken ya sha kwanar tudu. Ban yi kuka ba sai da na koma gida na ga turken garke babu sa, babu igiya.

Bayan la'asar doguwar lambar nan ta sake kira. Mu'azu ne, muryarsa ta dishe da kukan rasuwar Baba.

"Yaya, an gano ko wane ne?"

"An gano."

"Wa?"

Na faɗa masa sunan gatsau, yadda ake kiran sunan kowa.